Garatutin Baba Fulawa

Direban da ya karɓi kuɗina a Katsina ya rantse mini har Ibadan zai kai ni. A Tegina ya tsaya ya ce kowa ya sauka a yi salla. Muna dawowa muka tarar ya juye kayanmu cikin wata tsohuwar mota, ya ce ta ƙanensa ce, shi zai ƙarasa da mu. Ƙanen nasa a Mokwa ya zube mu, ya ce iyakar kuɗin da aka ba shi ke nan, wanda bai yarda ba ya koma Tegina ya nemi yayansa. Sauran hanyar a saman babbar motar shanu na yi ta, zaune kan katakon da aka gitta, ƙahoni na kaɗawa ƙarƙashin ƙafafuna. Wani Bafulatani da ke rakiyar shanun ya ga ina gyangyaɗi, ya kwance rawaninsa ya ɗaure ni da shi jikin ƙarfen motar don kada in faɗa. Har muka rabu ban tambayi sunansa ba.

Sunana Hamisu, ɗan Madarumfa, kusa da Maradi. Na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, ban samu birebe, takardar kammalawa, ba, na koma noman lambu a bakin tabki. Abin da ya fitar da ni daga gida kalma ɗaya ce ta Turancin Ingila, wadda na tashi ina ji a bakin mahaifina, Malam Salisu.

Baba ya tafi Ibadan tun ina goye. Aikinsa kula da furanni da ciyawa a wani otal, shi ya sa can ba wanda ya san shi da Salisu, sai Baba Fulawa, wato mai furanni. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, da azumi, kuma duk abin da aka roƙe shi amsarsa ɗaya: "Ku bari garatutina ya hito." Rufin ɗakin Inna, injin ban-ruwa babba, hajji, aurena, duk a jikin garatuti aka rataye su. Na taɓa tambayarsa mene ne shi. Ya ce kuɗi ne da ake tara wa ma'aikaci, kowace shekara ana ƙara masa, ranar da ya aje aiki a damƙa masa a dunƙule. Ya ce mai otal ɗin, wanda suke kira Cif, ya dafa ƙirji ya yi masa alkawari a gaban mutane. Ni a raina sai na ɗauke shi kamar rumbu: yana can a wani ofis an liƙe shi, da sunan Baba a jiki.

Wata rana ya faɗi cikin furanninsa da tiyon ban-ruwa a hannu. 'Yan garinmu suka kawo shi gida, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Likita a Maradi ya ce sai magani na dogon lokaci da gashin ƙashi. Muka sayar da ragon Inna, muka sayar da ɗan injin da nake ban-ruwa da shi. Da harshensa ya fara sakewa, kalmar da ta fara fita sosai ita ce waccan. Ya kama hannuna da hagunsa ya ce, "Tahi ka amso."

A unguwar Sabo ta Ibadan na sauka wurin wani Ilu, mutumin Gabi kusa da garinmu, dillalin komai da komai. Ya tarbe ni kamar ɗan ɗakinsu, ya saya mini shinkafa, ya tambayi jikin Baba har da share hawaye. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya girgiza kai.

"Ƙanena, nan ba Madarumfa ba ce. Takarda ba ta tashi daga tebur sai an tura ta. Amma ka yi sa'a, mai riƙe da kuɗin otal ɗin abokina ne. Nawa ya rage a hannunka?"

Na kwance 'yan sefar da suka rage, kuɗin ƙasarmu, na ba shi, har da wadda Inna ta ɗinke mini a ƙugun wando don komawa. Ya ce in sa ido cikin mako biyu.

Otal ɗin ya fi yadda Baba yake ba mu labari kyau, kuma kyan nasa a farfajiya yake. Itatuwa a jere, furanni ja da ruwan ɗorawa sun hau katanga, ciyawa lumbu-lumbu kamar an shimfiɗa darduma. Duk aikin hannun da yanzu ko cokali ba ya iya ɗagawa. Manaja, wani mai suna Mista Tunde, ya gan ni a tsaye bakin ofishinsa. Wani mai gadi Bahaushe ya yi mana tafinta. Manajan ya ce Allah sarki Baba Fulawa, mutumin kirki. Ya ce Cif ya rasu bara waccan, yanzu 'yarsa ce ke da otal, ita kuma a Turai take zaune, sai ta zo za ta sa hannu. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ka iya ban-ruwa? To ɗauki tiyon babanka ka riƙa yi kafin Madam ta zo. Ka ga idan ta iso kana kusa."

Albashin da ya yanka mini rabin na Baba ne, wai ni ɗan koyo ne. Ban yi musu ba. Na ɗauka zaman 'yan makonni ne.

Aka ba ni ɗakin Baba, wata 'yar rumfar kwano a bayan janareta. Tabarmarsa na nan, da butarsa, da takalmin roba da ya tsage aka ɗinke da waya. Bangon ya yi baƙi da hayaƙi. Na tsaya ina kallon wurin da ya kwana tun ina goye har na yi gemu, shi da yake zuwa mana da azumi cikin farar shadda yana raba wa yara alewa. Bai taɓa faɗa mana a nan yake kwana ba.

Mai wankin zannuwan otal, wata dattijuwa Bayarabiya da ake kira Mama Bisi, ita ta fara kula da ni. Ta ga na kwana biyu ina jiƙa garin rogo da ruwa, ta zo ta ajiye mini kwanon amala da miya. Daga baya, da na fara tsintar Turancin kasuwa, ta gaya mini lokacin da mijinta ya rasu Baba ne ya riƙa ɗebo mata ruwan wanki kafin ya fara nasa aikin. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan Baba.

Mako biyun Ilu ya zama wata, wata ya zama watanni. Duk Juma'a in na je Sabo sai ya ce takarda ta matsa, saura tebur ɗaya, amma akwai wani sakatare da ke buƙatar ɗan abin shan ruwa. Ina ba shi daga rabin albashin. Sai wata rana na ga mai riƙe da kuɗin otal yana shiga motarsa, na yi ƙarfin hali na gaishe shi na ce Ilu yana gaisuwa. Ya ce wane ne Ilu. Na kwatanta masa. Ya ce bai taɓa ganin mutumin ba, kuma babu wata takarda da sunan Baba a ofishinsa.

Na sami Ilu a gindin wata rumfar shayi. Bai ko tashi ba.

"Ka ci shinkafata, ka kwana ɗakina. Wannan kyauta ce? Kowa a garin nan da abin da yake ci, Hamisu. Ni ban ce ka zo ba."

Mutanen da ke wurin duk 'yan ƙasarmu ne, wasu sun san Baba tun kafin a haife ni. Ba wanda ya ɗaga kai daga kofinsa. Na fi jin zafin wannan a kan kuɗin.

A lokacin rani ya yi nisa. Ina tsaye ina zuba wa furannin da ba a ci ruwa, lambuna na bakin tabki ya bushe. Ina tuna sanyin safiya idan masunta suna jawo koma, da ƙamshin tarwaɗa a kasko, da furar Inna. Idan na kira gida, Inna ce ke ɗauka. Ba ta taɓa cewa in yi sauri ba. Sai dai ta ce, "An dakatar da gashin, sai an samu hali," ko ta ce, "Babanka na tambaya." Ina jin muryarsa a bayanta yana ƙoƙarin haɗa kalmar.

Ma'aikacin farfajiya ba ya shiga cikin otal. Sai ranar da za a yi wani biki aka ce in shigo da tukwanen furanni zaure. Ina ajiye ta ƙarshe kusa da teburin karɓar baƙi na ga wani ɗan akwatin gilashi mai tsaga a sama, da ƙananan takardun kuɗi a ciki. An rubuta kalma ɗaya a jikinsa: Gratuity. Ban taɓa ganin kalmar a rubuce ba. Na karanta ta yadda mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana karatun Faransanci, sai na ji abu biyu sun haɗu a bakina. Na ji garatutin Baba. Na kuma ji kalmar da ke rubuce a bangon asibitin garinmu, wurin da ake duba ƙananan yara ba a biya, gratuit, wato kyauta.

Na tambayi matar da ke teburin mene ne akwatin. Ta ce baƙo in ya ji daɗin hidima yana jefa ɗan canji, a raba wa masu kai abinci. Na ce in bai jefa ba fa? Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ai ba dole ba ne.

Na gaya wa kaina kalmomi ne biyu masu kama da juna. Na kwana biyu ina gaya wa kaina haka.

Akwai wani tsohon lauya da ke zuwa da la'asar ya zauna a inuwar farfajiya ya karanta jarida, sunansa Lauya Adisa. Bayarabe ne, amma a Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsafta. Ya san Baba, yakan tambaye ni jikinsa. Na ajiye tiyo na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko abin da ke jikin akwatin shi ne abin da na zo karɓa.

Ya naɗe jaridar. "Kalma ɗaya ce, ɗana."

"Yallaɓai, ta yaya? Wancan tukuici ne. Na Baba guminsa ne."

"Ka yi Faransanci, ko? To kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta, shi kuma Faransanci daga Latin, harshen Rumawan da. Tushenta abin da ya faranta rai, abin godiya. Abin da mutum ya bayar don ya ga dama, ba don ana bin sa ba. Da ita ake kiran ɗan abin da ake ba mai hidima. Daga baya aka riƙa kiran kuɗin da ake sallamar soja da ita, sannan ma'aikaci. A nan ƙasar mutane sun saba jin ta tare da fansho, har suka ɗauka ita ma bashi ce."

"Ba bashi ba ce ke nan?"

"Tana zama bashi idan an rubuta ta. Wanda aka sa masa ita a takardar ɗaukar aiki, ko a ƙa'idar ma'aikatarsu, kotu za ta ƙwatar masa. Babanka yana da takarda?"

Na ce ba shi da ita. Na ce Cif ya dafa ƙirji a gaban mutane.

"Na sani. Ina wurin." Ya juya yana kallon furannin. "Cif ya yi niyya, ina jin. Amma ƙirjin da ya dafa yana ƙarƙashin ƙasa. In na shiga kotu in ce na ji, lauyansu zai tambaye ni nawa aka ce, yaushe za a biya. Ba a faɗa ba. Za a shekara ana ɗage zama, kai kuma baƙo ne, babanka yana kwance."

Na ce masa mu a Hausa ba ma haɗa su. Haƙƙi daban, lada daban, tukuici daban, sadaka daban. Ko yaro ya san wanda ake tsayawa a karɓa da wanda ake durƙusawa. Da Baba ya ji an ce masa tukuici ake tara masa, da tuni ya dawo ya noma gonarsa.

"Shi ya sa ba a faɗa masa da Hausa ba," in ji lauyan.

Ya ce zai yi wa Madam magana idan ta zo, domin ya san ta tun tana ƙarama. Amma ya ja mini kunne: kada kalmar haƙƙi ta fito daga bakina a gabanta. In ce taimako. Na ce nawa zan biya shi. Ya ɗan yi murmushi ya ce da harshen lakwal ɗinmu, wannan gratuit ne.

Madam ta zo bayan an fara ruwa. Inna ta riga ta gaya mini maƙwabta sun yi shuka, gonarmu kawuna ya yayyafa mata abin da ya samu. Lauyan ya cika alkawari. Wata safiya aka tara ma'aikata a farfajiya, aka kawo mai hoto. Madam ta yi jawabi da Turancin da ban kama rabinsa ba. Na dai ji ta ce Baba Fulawa ɗan gida ne, ta tuna yana tsinko mata fure tana yarinya. Ta ce otal ba ya yi wa kowa irin wannan tsari yanzu, amma saboda zuciyar mahaifinta ba za ta bar tsoho haka ba. Ta miƙo mini ambulan da agogon bango mai sunan otal a fuskarsa. Aka tafa.

Mista Tunde ya matso ya raɗa mini, "Durƙusa ka yi godiya."

Na dubi Lauya Adisa, ya sunkuyar da kai. Na tuna gashin da aka dakatar. Na durƙusa a kan ciyawar da ubana ya dasa, na ce na gode, Allah ya ƙara arziki. Mai hoto ya ce bai ɗauka da kyau ba, in sake. Na sake.

A ɗakin bayan janareta na buɗe ambulan. Abin da ke ciki bai kai rabin albashin da suka riƙe mini a watannin da na yi ba. Ko injin ban-ruwan da muka sayar ba zai dawo da shi ba. Wato da gumina aka sallami ubana, har suka ci riba. Da yamma Mista Tunde ya aiko a gaya mini za a zuba siminti a rabin farfajiyar don ajiye motoci, sauran kuma an ba wani kamfani kwangilar kula da shi, don haka ƙarshen mako in ba da makulli.

Mama Bisi ta raka ni har bakin titi. Ta cusa mini turmin atamfa ta ce na Inna ne, da ƙullin soyayyen kifi na hanya. Na fara yi mata godiya ta daka mini tsawa, ta juya ta koma wurin wankinta tana goge ido da gefen zane.

Da na iso Madarumfa tabki ya cika har ya taɓo gindin itatuwa, geron mutane ya kai gwiwa, namu ko tafin hannu bai rufe ba. Baba yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida. Ya rame har na so in kasa gane shi. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ya hito?"

"Ya hito, Baba."

Na sa masa ambulan a hannun hagu. Bai buɗe ba. Ya matsa ta tsakanin yatsunsa, ya ji kaurinta, ya daɗe yana riƙe da ita. Mutum ne da ya yi shekaru yana karɓar albashi a ambulan, ya san abin da yatsunsa suka gaya masa. Inna ta dube ni, na kau da kai. Na jira ya tambaye ni sauran, na riga na shirya abin da zan faɗa masa game da akwatin gilashi da maganar lauya. Bai tambaya ba. Ya tura ambulan ƙarƙashin matashi, ya sa aka jingina agogon a jikin bango inda zai riƙa gani.

Sannan ya ce in kira masa manaja.

"Baba, bari sai ka huta."

"Kira shi. Ba a amsar abin mutane a yi shiru."

Na kira. Ta daɗe tana ƙara kafin Mista Tunde ya ɗauka, da hayaniyar mutane a bayansa. Na ce Hamisu ne, Baba yana son magana. Ya ce wane Baba. Na ce Baba Fulawa. Ya ce oho, to, to, a gaishe shi. Na kara wa Baba wayar a kunne. Ya gyara zama da ƙyar, ya cire hularsa da hagu ya ɗora a gwiwa, ya fara haɗa Turancinsa da karkataccen bakinsa: yana gaida Oga, yana gaida Madam, Allah ya jiƙan Cif, ya gode, ya gode ƙwarai, a riƙa ba furannin bakin ƙofa ruwa da safe kafin rana ta yi zafi don ba sa son ruwan yamma.

Ina ganin fuskar wayar daga inda nake. Tun a gaisuwar farko aka kashe ta daga can. Na ci gaba da riƙe masa ita a kunne har ya gama.